A wane shiri ya faɗa, kuma a minti na nawa?

Kafin a yarda cewa wani mai sharhin siyasa ya goyi bayan auren jinsi ko ya taɓa mutuncin addini, akwai tambayoyi uku da ya kamata su riga fushi fitowa: a wane shiri ya yi maganar, ran yaushe, kuma a minti na nawa? Katunan nan da ke yawo a wayoyin mutanen Jos, masu hoton mutum a gefe da jimla guda da manyan haruffa, da wuya ka samu wanda zai amsa ko ɗaya. A ganina duk wanda ya jingina wa wani magana a kan waɗannan batutuwa biyu ba tare da ya kawo amsar ukun ba, bai kawo labari ba, ƙage ya kawo, ko da kuwa daga baya an gano mutumin ya faɗi wani abu mai kama da haka.

Ba sassauci a aƙida nake nema wa kowa ba. Matsayin malaman Izala da na Ɗariƙa, da fastocin ECWA da COCIN, da limaman Katolika na garin nan a kan auren jinsi ɗaya sananne ne, kuma yana cikin 'yan abubuwan da bakinsu ya zo ɗaya a kai. Dokar ƙasa ma a fili take. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar haramta auren jinsi a watan Janairun 2014, mai ɗauke da ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya shaida shi, ko ya taimaka, ko ya kafa ƙungiyar masu yi. Wannan nauyin ne ma ya sa tuhumar ta zama makami. In ana so a gama da ɗan takara ko mai sharhi a Arewa, ba a buƙatar tono kwangilar da ya ci. Jimla guda ta isa, kuma ba mai son a gan shi yana kare wanda aka shafa wa irin wannan kashin kajin, don kada a ce shi ma nasu ne.

Yankan maganar ba wani aiki ne mai wuya ba. Shirin sharhi na awa guda a Channels ko Arise ko Trust TV yakan ƙunshi kalmomi dubu takwas zuwa tara, domin mai magana da Turanci yana furta kimanin kalma 150 a minti. Guntun da ke zuwa WhatsApp daƙiƙa 30 ne ko 40, wato kalma ɗari ko ƙasa da haka. Mai almakashi shi ya zaɓi ɗarin nan, kuma ya san inda zai sa hannu. Abin da ya fi cirewa shi ne mabuɗin jimla. Mu ɗauka mai sharhi ya ce: "Ƙasashen Turai suna cewa haƙƙin mutum ne ya auri wanda ya ga dama, amma tsarin dokarmu bai karɓi wannan ba." A cire kalmomi huɗu na farko, a datse daga "amma", sai a bar shi yana faɗin ra'ayin da ya zo rusawa, da muryarsa, da fuskarsa, ba tare da an ƙara masa ko harafi ba. Haka ake yi da "idan" da "da a ce". Mutum ya kafa sharaɗi don ya nuna inda wata hujja za ta kai mu, a yanke sharaɗin, a bar sakamakon. Wani lokaci tambayar mai gabatarwa ce ake ɗora wa baƙo, tunda a kati ba a ganin bakin da ya motsa. Akwai kuma ɗinki, inda ake ɗauko rabin amsa daga minti na 12 a haɗa da rabin wata daga minti na 40.

Duk ɗan makarantar allo ya san wannan ta'asar tun kafin a ƙirƙiro wayar hannu. Malamai sun daɗe suna buga misali da wanda zai karanta "kada ku kusanci salla" a Suratun Nisa'i aya ta 43 ya tsaya, bai ƙarasa da "alhali kuna cikin maye" ba, ko ya karanta "bone ya tabbata ga masallata" a Suratul Ma'un ya rufe littafi. Kirista ma ya san cewa kalmomin "babu Allah" suna nan a Zabura 14, amma a bakin wawa aka sa su. Mun san dabarar sarai a littattafanmu, sai ta zo a bidiyo mu manta.

Amma ɓarnar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya tana faruwa ne wajen fassara, kuma a nan ne ya kamata masu rubutu da Hausa su tsaya su duba kansu. Kalmar "gender" muna fassara ta da "jinsi". A lokaci guda mun gajarta "auren jinsi ɗaya" ya koma "auren jinsi". Sakamakon haka, in aka ce wata takarda tana maganar "daidaiton jinsi", wato a bai wa 'ya mace damar karatu da aiki da zuwa asibiti kamar ɗa namiji, kunnen mai saurare a Gangare ko Unguwar Rogo yana iya jiyo wani abu daban. Mai fassara mai amana zai ce "daidaito tsakanin maza da mata", magana ta ƙare. Sai kalmar "halatta". A Turanci abu huɗu ne daban-daban: a cire hukuncin ɗauri a kan wani aiki, a ba shi rajista a doka, a yi wa mutum addu'a, a ɗaura masa aure. Mu kuwa mukan tara su duka a cikin "ya halatta", kalmar da asalinta ta shari'ar Musulunci ce. Lauyan da ya ce a ganinsa kurkuku ba ita ce maganin abu ba, bai ce abin halal ne ba. Ana iya yi masa raddi a kan abin da ya faɗa, kuma akwai masu hujjar yin hakan, amma ba a kan fatawar da bai bayar ba. Haka "ɗan luwaɗi" a Hausa yana nufin mai aikatawa, alhali kalmar Turancin da ake fassarawa, wato "gay", takan nufi mai jin sha'awar ko da bai taɓa aikatawa ba, kuma fiƙihun Musulunci da koyarwar Katolika duka suna rarrabe abin da ke zuciya da abin da aka aikata. "Ɗan daudu" kuma wani abu ne na uku. Ga kuma "secular", da ake mayarwa "ƙasar da ba ruwanta da Allah", alhali abin da sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce shi ne gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati ba. Mai sharhi ya karanto sashen nan, washegari a tashi da labarin ya ce a kori addini daga Najeriya.

Rikicin Yarjejeniyar Samoa ya tara duk waɗannan a wuri guda. An fara sa mata hannu ne a birnin Apia na ƙasar Samoa ranar 15 ga Nuwamban 2023, tsakanin Tarayyar Turai mai ƙasashe 27 da ƙasashe 79 na Afirka da Karibiyan da yankin Fasifik, don ta maye gurbin Yarjejeniyar Kwatano ta 2000. Najeriya ba ta sa hannu ba sai ranar 28 ga Yunin 2024 a Burussel. Ranar 4 ga Yuli jaridar Daily Trust ta fito da babban labari da ya haɗa yarjejeniyar da kare haƙƙin masu neman jinsi da kuma dala biliyan 150. Cikin 'yan kwanaki maganar ta hau mumbari, ta shiga coci, ta kai zauren Majalisar Wakilai. Ministan kasafi Atiku Bagudu da ministan yaɗa labarai Mohammed Idris suka musanta, Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta ce ta duba takardar ba ta ga wannan sharaɗi ba. Wanda ya buɗe takardar zai tarar ba a ambaci luwaɗi ko maɗigo ko auren jinsi a cikinta ba, kuma babu alkawarin waɗancan kuɗi. Abin da ke ciki shi ne maganar daidaito tsakanin maza da mata, da lafiyar haihuwa da ta jima'i, da hana nuna wariya. A watan Satumba hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai, wadda 'yan jarida da kansu suka kafa, ta yanke cewa labarin bai inganta ba, jaridar kuma ta nemi afuwa a farkon Oktoba. Ta cancanci yabo kan wannan, don ba kowace kafa ke yi ba.

Masu sukar yarjejeniyar ba su rasa abin faɗa ba. Suna ganin wasu kalmomin suna da faɗi, kuma nan gaba ana iya cusa musu ma'anar da ba a yi zato ba. Wannan muhawara ce ta gaske, ta lauyoyi da malamai, kuma amsa ɗaya daga cikin amsoshinta tana sashe na 12 na tsarin mulki, wanda ya ce babu yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da za ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sai dai "ina tsoron za a fassara sashe kaza da kaza" daban yake da "sashe kaza ya ce kaza". Na farko ra'ayi ne da mutum ke da ikon riƙewa. Na biyu da'awa ce da ake tabbatarwa da buɗe shafi. Wata uku ne tsakanin labarin da neman afuwar, kuma wanda ya ji na farko da Hausa a bakin limaminsa, da wuya a ce na biyun ya iso shi ta wannan hanyar.

Kiristocin Filato sun sha irin wannan da kalaman marigayi Fafaroma Francis. A Yulin 2013, cikin jirgi a hanyarsa ta dawowa daga Burazil, ya ce idan mutum yana sha'awar jinsinsa, yana neman Ubangiji, kuma yana da kyakkyawar niyya, shi wane ne da zai yanke masa hukunci. Ƙarshen jimlar kaɗai ya zagaya duniya. A Oktoban 2020 wani fim game da shi ya ɗinke amsoshi biyu daban-daban daga hirar da ya yi da wani gidan talabijin na Meziko a 2019 ya fitar da su kamar amsa ɗaya, har fadar Batikan ta aika wa jakadunta takardar bayani. Gaskiyar ita ce ya goyi bayan dokar gwamnati da za ta ba 'yan jinsi ɗaya masu zama tare kariya, amma bai sauya koyarwar cocinsa cewa aure tsakanin namiji da mace yake ba. Takardar da fadar Batikan ta fitar ranar 18 ga Disamban 2023 ta yi maganar sa musu albarka ne ba ɗaurin aure ba, kuma ko wannan ɗin bishop-bishop na Najeriya sun fito cikin 'yan kwanaki sun ce ba za a yi a nan ba. Ana iya ƙin matsayinsa a kowane mataki, Katolika da yawa a Afirka sun ƙi. Amma mai shago a Terminus da ya ce wa maƙwabcinsa Kirista "shugabanku ya halatta auren maza", ya faɗi abin da bai faru ba, kuma ya faɗa wa mutumin da za su buɗe shago tare gobe da safe.

Almakashin yana yanka ta ɗaya gefen ma. Malami ya ce abu haramun ne, a ruwaito shi a waje cewa ya yi kira a kashe mutane. Ignatius Kaigama, lokacin yana Akbishop na Jos kuma shugaban taron bishop-bishop na Katolika, ya yaba da sa hannu kan dokar 2014, sannan a Oktoban shekarar a birnin Rum ya koka cewa kafafen yaɗa labarai sun juya matsayinsu, yana cewa aure suke karewa, ba farautar mutane suke goyon baya ba. Mai karatu na iya tambaya ko wannan rarrabewar ta tsaya da ƙafarta alhali dokar tana ɗauke da ɗauri. Tambaya ce mai kyau, amma ba za a iya yin ta ba sai an kawo maganganunsa biyun.

Akwai kuma wanda ya faɗi magana da bakinsa, da ya ga ƙura ta tashi sai ya ce an juya masa zance. 'Yan siyasa sun ƙware a wannan. Maganinsa ɗaya ne da na mai ƙage, wato cikakken faifan. Shi ya sa neman asalin shiri ba gata ba ne ga mai sharhi, tarko ne ga duk wanda ya yi ƙarya a cikin su biyun.

Binciken kansa bai wuce aikin minti goma sha biyar ba. A fara da duba guntun bidiyon: tambarin gidan talabijin, sunan shirin, kayan da ke jikin baƙon. Manyan tashoshi suna ɗora cikakkun shirye-shiryensu a YouTube da Facebook, kuma in aka sauke ingancin hoton zuwa mafi ƙanƙanta, awa guda ba ta cin megabait 200. A shirye-shiryen Turanci YouTube yakan fitar da rubutun abin da aka faɗa tare da lokacinsa, sai a nemo kalmar a tsallaka kai tsaye wurin. A saurari minti biyu kafin guntun da minti biyu bayansa, domin a nan "idan" da "amma" da "wasu suna cewa" suke ɓoye. Alamun ɗinki kuwa a ido ake kama su: kai ko hannu ya yi tsalle daga wuri zuwa wuri, agogon da ke kusurwar allo ya haura mintoci, rubutun da ke gudu a ƙasa ya katse ya koma wani labari, numfashi ya yanke a tsakiyar kalma. Guntun da ya fara da "saboda haka", ko ya ƙare murya tana sama kamar mai shirin ci gaba, an yanke shi. In kati ne mai tambarin jarida, a je shafin jaridar a ranar da aka ce, domin kwaikwayon tambari aikin minti biyar ne a waya. A ɗora hoton a Google Lens a ga inda ya fara fitowa da shekarar. Murya zalla da aka ɗora kan hoton da ba ya motsi ita ce mafi raunin hujja yanzu, tunda akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa. Kibiya biyu da WhatsApp ke sawa a kan saƙo tana nuna ya ratsa hannu biyar ko fiye, ba ta nuna ingancinsa. Shafukan tantance labarai na Dubawa da FactCheckHub suna bin irin waɗannan labarai, kuma Dubawa na wallafa wasu da Hausa. In duk an yi wannan ba a samu asalin ba, to ba a tura shi, ko da an rubuta "Allahu a'alamu" a ƙasa. Wannan kalma ba ta wanke mai turawa.

Malaman hadisi sun riga mu tsara wannan aiki. A gabatarwar Sahihu Muslim an ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa isnadi, wato jerin maruwaita, yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. A nan ne kuma hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce a bincika labari don kada a cutar da mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama, kuma doka ta hana shaidar zur tana Littafin Fitowa 20:16. Abin da ke damuna shi ne ganin mai wa'azin da ba zai karɓi hadisi ba sai ya san maruwaitansa, amma ya hau mumbari ran Juma'a da katin da bai san wanda ya haɗa ba. Adireshin bidiyo da lambar minti su ne isnadin wannan zamani.

Jos ba garin da za a yi wa bayanin illar ji-ta-ji-ta ba ne, bayan Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010. A rikicin Barikin Ladi na Yunin 2018, binciken BBC ya gano cewa cikin hotunan da aka yaɗa a Facebook har da wanda aka ɗauka a Kwango shekaru kafin nan, kuma 'yan sandan Filato sun ce irin waɗannan hotuna sun rura wutar ramuwar gayya. Mai sharhin da ke zaune a Maitama yana da lauya da shafin da zai kare kansa. Wanda ke kwana a ciki shi ne malamin makaranta ko ma'aikaciyar lafiya ta wata ƙungiya da aka ce tana aikin "jinsi" a unguwa, ko saurayin da aka nuna da yatsa, kamar yadda gungun mutane suka far wa wasu maza a Gishiri ta Abuja a Fabrairun 2014, makonni bayan dokar, ba tare da kotu ko alƙali ba.

Doka tana da abin faɗa. Kundin Penal Code da ake aiki da shi a Abuja ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyu kan ɓata suna a sashe na 391 da 392, kuma wanda zai je kotu da bidiyo ko hoton allo sai ya cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, don haka ya adana adireshin shafin da ranar da na'urar da ya ɗauka da ita tun kafin a goge. Amma ba na goyon bayan a mayar da wannan aikin 'yan sanda. An ga yadda aka yi amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen tsare 'yan jarida har aka yi masa gyara a 2024, kuma mai mulki ne kullum ke da saurin samun mota da ankwa.

Gyaran yana hannun gidajen rediyo da shafukan Hausa da kwamitocin masallatai da coci-coci. Mai gabatar da shirin siyasa da ya fassara kalaman wani a kan addini ko jinsi, ya fara sako muryar mai maganar da cikakkiyar jimlarsa, sannan ya fassara, ya faɗi sunan shirin da ranar. Shafin da ya wallafa kati ya sa kalmomin asali a ƙarƙashin fassarar, don mai jin harsunan biyu ya auna. Masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwa su goge duk maganar da aka jingina wa wani ba tare da adireshi ba, ko ta yi wa ɓangarensu daɗi. In kuma an yi kuskure, gyaran ya fito da Hausa, a shiri ɗaya, a lokaci ɗaya, da tsawon da aka ba ƙagen. Wanda ya faɗa a huɗuba ya warware a huɗubar mako mai zuwa, a gaban sahun da ya ji ta farko, ya ambaci sunan mutumin da ya jingina wa maganar, ya karanta abin da ya faɗa na gaskiya daga farkon jimla har ƙarshenta.